Yadda ake farautar sulallan da suka rage don cike tarin tsoffin kuɗi a Kano

Farkon tara tsoffin sulalla ba shi da wuya. Cikin 'yan watanni mutum zai haɗa kwabo mai huji da taro da sisi da sule, domin da wuya ka shiga tsohon gida a cikin birni ka rasa su a gwangwani ko a ƙasan adaka. Aikin yana wajen guda uku ko biyar ɗin ƙarshe. Su ne ke cin shekaru, su ne kuma ke sa mutum ya ƙosa har ya sayi jabu, ko ya biya ninkin abin da ya kamata. Yawon kasuwa kaɗai ba ya kawo su. Sai ka san takamaiman abin da ka rasa, ka sanar da mutanen da tsohon ƙarfe ke ratsa hannunsu, sannan ka iya tantance shi ranar da aka miƙo maka.

Yanka wa tarin iyaka tukuna

Tarin da ba a yanka masa iyaka ba ba ya cika. Zauna ka yanke shawara: kowane iri guda ɗaya kake so, ko kowace shekara, ko kowace shekara haɗe da gidan da ya buga? Tsakanin waɗannan ukun akwai tazara mai yawa.

Idan kuɗin Najeriya zalla ne, kowane iri ɗaya, lissafin gajere ne. Zubin 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, iri shida ne: ɗari (wato rabin kwabo) da kwabo masu huji, taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwar manja, da fataka (sule biyu) mai gyaɗa. Zubin 1973, lokacin da aka koma naira da kwabo, iri biyar ne: rabin kwabo, kwabo 1, kwabo 5, kwabo 10, da kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa, wanda Bakano ba ya son ya rasa. A 1991 aka fito da wasu biyar, ciki har da kwabo 50 mai masara da naira 1 mai hoton Herbert Macaulay. Na ƙarshe su ne ukun da aka saki a watan Fabrairun 2007: kwabo 50, naira 1 da naira 2. Duka 19 ke nan. Wanda ya dage zai iya kammala wannan ba tare da ya bar Kano ba, kuma mu da shi muke ba sabon shiga shawarar ya fara.

Kuɗin zamanin Turawa, masu rubutun "British West Africa", wani kogi ne daban. An fara buga su a 1907 har zuwa ƙarshen shekarun 1950, da sunayen sarakunan Ingila biyar, a ƙarafa daban-daban, a gidajen bugu daban-daban. Wanda ya ce sai ya mallaki kowace shekara da kowace alama ya ɗauko aikin rayuwa. Ba laifi ba ne, amma ya san abin da ya ɗauko.

Rubuta abin da babu, filla-filla

Samu littafi, ka ja layi gida shida: iri, shekara, alamar gidan bugu, ƙarfe, nauyi, da halin da wanda ke hannunka yake ciki. Cike na hannunka da biro, ka bar gurbin wanda babu da fensir.

Kafin ka saka gurbi a jerin nema, tabbatar an taɓa buga abin. Mutane da yawa suna ɓata shekara suna neman sulallan da babu su a duniya. Misali mafi kusa: kuɗin da aka saki a 2007, shekarar 2006 ce a jikinsu, don haka mai neman naira 2 mai ɗauke da 2007 zai gaji. Sulen Najeriya mai ganyen kwakwar manja kuwa akwai na 1959 da 1961 da 1962. Shafin Numista a intanet yana jera kowane iri da shekarunsa da nauyinsa da hotonsa, kyauta. Gwada jerinka da nasu layi bayan layi.

Nan ne kuma za ka gano cewa wasu da ka ɗauka iri ɗaya ne, biyu ne. Kuɗin farko, daga 1907 zuwa 1911, suna ɗauke da sunan Najeriya a gaban "British West Africa", daga baya aka cire. Aninin farko (anini goma ne kwabo ɗaya) na alminiyam ne, shi ya sa yawancin waɗanda suka rage duk sun ci, sun yi fari-fari. Ba a daɗe ba aka koma farin gaurayen tagulla da nikel. A 1920 an buga sule na azurfa, an kuma buga na tagulla mai ruwan ɗorawa. A 1936 akwai kwabo mai sunan Sarki Joji na Biyar, akwai mai sunan Edward na Takwas. A 1952 kwabo ya koma jan ƙarfe, ya kuma ƙanƙance. A kuɗin naira ma, duba taken da ke ƙasan tambarin ƙasa: na shekarun 1970 gajere ne, na ƙarshen shekarun 1980 an ƙara masa kalmomin zaman lafiya da ci gaba.

Sai alamar gidan bugu a kuɗin Turawa, wadda ita ce ke wahalar da ido. Harafin H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi, galibi bugun London ne. A masu huji, nemi harafin a ƙasan hujin, ta fuskar da kambun sarauta da rubutun Larabci suke. A sule da fataka, duba can ƙasan bishiyar kwakwa. Ƙanƙane ne sosai, datti kaɗan ya isa ya rufe shi. Sau da yawa idan mutum ya sake bin tulin rarar da ya ajiye da gilashin ƙara girma, sai ya tarar ɗaya daga cikin abin da yake nema yana gidansa tun tuni. Yi wannan kafin ka kashe ko kwabo.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo. Ƙaramin sikelin 'yan gwal mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, domin mai nuna giram zalla ba zai yi maka amfani ba. Mayen ƙarfe. Tocila. Ƙyalle mai laushi da za ka shimfiɗa a ƙasa. Sai takarda ɗaya mai hoton kowane abin da kake nema, fuska da baya, da girmansa na gaskiya, shekarar an zagaye ta da jan biro, lambar wayarka a ƙasa. Buga kwafi 20 ko fiye. Wannan takarda ta fi duk sauran kayan aiki.

Inda ake nema

Fara da gida. Tsofaffin mata su ne manyan ma'ajiyar waɗannan kuɗi: a cikin kwalla, a ƙullin tsumma, a gwangwanin turare, a ƙasan jeren kwanuka. Kada ka shiga da maganar saye. Gaisa sosai, ka zauna, ka nuna ɗaya daga naka, ka ce, "Hajiya, ko kin tuna wannan?" Hira za ta buɗe, gwangwani zai fito da kansa. In ta ba ka, yi tukuici mai kyau, ko da ta ce ba komai. Abu ɗaya dai: idan mai kayan ta rasu, abin da ke cikin adakarta gado ne. Kada ka ɗauki ko anini sai an raba, ko magada duka sun yarda, ka saya a hannunsu. Azurfa ma tana iya kasancewa a ciki, kuma haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, wajen masu sayar da kayan tarihi da kayan gargajiya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tsayawa kan abin da ke cikin tire a gaban rumfa. Wannan an riga an tsince shi sau ɗari. Abin da kake so yana cikin buhu ko roba a can ciki, wanda ba a ware ba. Sayi wani abu kaɗan tukuna, ko da kana da irinsa, sannan ka ce, "Alhaji, ko akwai tulin da ba a taɓa ba, in zauna in duba?" Je da hantsi, lokacin da haske ya wadata kuma kasuwa ba ta cika ba. Shimfiɗa ƙyallenka, ware su iri-iri, sannan shekara-shekara, sai a ƙarshe ka sa gilashi kan masu shekarar da kake nema kaɗai. Tulin ɗari biyu zai iya cin awa guda. Kada ka yi gaggawa, kuma ka mayar masa da kayansa a tsare.

Maƙeran fari suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Su ake kai wa tsoffin sulallan azurfa a narka a yi zobe ko awarwaro, kuma da yawan waɗanda suka yi wuya a yau, wuta ce ta cinye su. Bar wa maƙeri takardarka, ka gaya masa a fili cewa duk wanda ya zo mai wannan shekara, za ka biya fiye da kuɗin nauyin azurfarsa. Wannan magana ce da yake ganewa, don riba ce ba wahala. Haka ma 'yan gwal na Kasuwar Rimi, tunda mata kan haɗa tsohuwar azurfa cikin kayan da suka kawo sayarwa.

'Yan gwangwan da 'yan jari-bola su ne na gaba, musamman don kuɗin jan ƙarfe da tagulla. Idan aka rushe tsohon ginin ƙasa a cikin ganuwa, ko aka yashe rijiya, kwabbai kan fito, kuma a kilo ake sayar da su tare da wayar wuta da tsoffin famfuna. Nemi mai sikelin da yara ke kai wa kaya, ba yaran kansu ba. Ba shi roba guda, ka ce duk sulallan da suka shigo a jefa a ciki, kai kuma za ka riƙa zuwa kana saye a farashin da ya ɗara na kilo. Mafi yawan abin da za ka samu ya ci ƙasa, amma ƙananan da mutane suka raina suka zubar, irin su anini da ɗari da rabin kwabon 1973, ta wannan hanya suka fi fitowa.

Dattawan 'yan canji na Wapa da tsoffin 'yan kasuwar Sabon Gari ma a gwada su. Wasu sun ajiye 'yan kaɗan don tunawa, wasu sun san wanda ya ajiye.

Duk inda ka bar takarda, koma bayan mako huɗu zuwa shida, ko da ba a kira ka ba. Saƙon da ba a bibiya mantawa ake yi da shi. Kuma ranar da wani ya kira ka kan abin da bai dace ba, kada ka nuna ɓacin rai. Ba shi na kati, ka sake nuna masa shekarar. Wanda ya kira a banza yau shi zai kira da gaske gobe. Idan dillali ne ya haɗa, ku yanke la'adarsa tun kafin a ga kaya.

Musaya da intanet

Rarar da ka tara jari ce. Abin da ya yi maka yawa, wani a Zariya ko Ibadan ko Accra shi yake nema, tunda kuɗin Turawan nan har Gana da Saliyo da Gambiya an kashe su. Ware rarar, rubuta jerinta, ka saka a zaurukan masu tara kuɗi na Facebook da WhatsApp tare da jerin abin da ka rasa. Masu tari sun fi sakin abu mai wuya ta musaya fiye da ta kuɗi.

Wasu shekarun kuwa, gaskiya sun fi sauƙin samu a hannun dillalan Ingila fiye da nan, kuma galibi sun fi tsabta. A eBay, wato shafin saye da sayarwa na intanet, kada ka dubi farashin da mai kaya ya rubuta, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Duba jerin waɗanda aka riga aka sayar, ka ɗauki guda biyar masu kama da juna, ka ga tsakiyarsu. Idan akwai ɗan'uwa mai dawowa gida, a aika masa ya taho da shi. Ya fi aminci da araha.

In a cikin gida ne za ka saya daga wanda ba ka sani ba, nemi hoto huɗu: fuska, baya, gefe, da ɗaya a kan sikeli kusa da takarda mai kwanan watan ranar da hannu. Wanda ya ɗauko hoto daga intanet a nan yake maƙalewa. Kada ka tura kafin alƙalami ga baƙo. Ku haɗu a bainar jama'a, ko a bi ta hannun wanda ku duka kuka amince da shi.

Ranar da ya zo: tantancewa

Nan ne zuciya ke rinjayar ido, don haka bi matakan a jere, kada ka tsallake ko ɗaya. Riƙe shi ta gefe, a kan ƙyalle.

Auna nauyi da farko. Sulen azurfa na Turawa giram 5.66 ne, fataka 11.31, sisi 2.83, taro 1.41. Wanda ya sha hannu zai ragu kaɗan. Amma idan rubutunsa tar yake kamar sabo, nauyin kuma ya gaza da rabin giram, ajiye shi.

Sai mayen ƙarfe. Azurfa da tagulla da jan ƙarfe ba sa kamuwa. Kuɗin 1991 kuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, dole su kamu. Duk wanda ya saɓa wa abin da ya kamata, akwai magana.

Sai shekara da ƙarfe su yi daidai. Azurfar gaske a kuɗin nan daga 1913 ne zuwa 1920. Sulen 1959 fari ne, amma babu azurfa a cikinsa ko kaɗan, komai rantsuwar mai sayarwa, wanda sau da yawa shi ma haka aka gaya masa.

Yanzu sa gilashi, ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, don inuwa ta fito da komai. Jabun da aka narka ƙarfe aka zuba a mazubi yana da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a filinsa, haruffansa sun yi dumɓu, wani lokaci da siririn layi a gefe inda ɓari biyu suka haɗu. In da dalma a ciki, za ka ji shi da santsi kamar sabulu, kuma idan ka ɗora a kan yatsa ka ɗan taɓa shi da fensir, ba ya amo. Jabu ba sabon abu ba ne a wannan fage. Tun zamanin Turawa ake yin sa, shi ya sa daga 1938 aka riƙa yi wa sule da fataka wani kwari mai ado a tsakiyar gefensu. Duba kwarin nan; ɗan jabu ba ya iya fitar da shi da kyau.

Dubi lambar ƙarshe ta shekara da wajen harafin gidan bugu fiye da ko'ina. Idan wurin ya fi sauran jiki sheƙi, ko ya ɗan lotsa, ko akwai ƙananan ƙarce masu bin hanya ɗaya, an kankare ko an gyara. Gwada siffar lambar da ta wani na gaske daga shekara makusanciya.

A ƙarshe duba saman gefen. Da yawa an taɓa liƙa musu kunne an yi ado da su, daga baya aka cire aka goge da zarto. Tabon liƙin yana nan. Irin wannan na gaske ne, amma darajarsa ta faɗi ƙwarai. Kana iya sayensa da araha ya riƙe gurbi, ka rubuta da fensir cewa ana neman wanda ya fi shi.

Abubuwa biyu da ake yawan ruɗin mutane da su. Kwabon Edward na Takwas na 1936 yana da daɗin labari, tunda sarkin bai cika shekara a kan gado ba, amma an buga shi da yawan gaske, ba shi da tsada. Babbar azurfar Mariya Tereza kuma, mai nauyin kusan giram 28, shekarar 1780 da ke jikinta ba ta nufin tsufa. An ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu. Game da jita-jitar cewa wai akwai sinadarin miliyoyi a cikin kwabo mai huji, wannan hanyar damfara ce kawai, kuma ita ce ke sa wasu su ƙi sayar da kwabon da bai fi kuɗin shayi ba.

Ciniki

Yanke iyakar abin da za ka biya tun daga gida, ka rubuta. Kada ka bari a gane cewa shi kaɗai ya rage maka. Haɗa shi da wasu uku ko huɗu ka taya su gaba ɗaya. In an ce albarka, ƙara kaɗan sau ɗaya ko biyu, sannan ka yi godiya ka tafi, ka bar lamba. Amma wannan tsakaninka da ɗan kasuwa ne. Tsohuwa ko yaron da bai san darajar abin hannunsa ba, gaya masa gaskiya ka biya daidai. Idan azurfa ce, a yi hannu da hannu, ba bashi.

Kuɗin 2006 har yanzu kuɗin ƙasa ne, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin naira ko lalata ta. Waɗannan a same su ta canji ko kyauta. Tsoffin kuma, kafin ka aika wani waje, tambayi jami'an hukumar gidajen tarihi a Gidan Makama ko yana buƙatar izini.

Bayan ya shigo hannu

Kada ka wanke. Lemon tsami, tsamiya, toka, yashi, soson ƙarfe, man goge tagulla, duk suna cinye fatar ƙarfen, su bar shi da wani sheƙi mara kyau da duk masani zai gane daga nesa, darajar kuma ba ta dawowa. Duhun da tsufa ya sa masa ado ne. Idan ƙasa ce ta manne, jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu a tataccen ruwa, irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, ka ɗaga ƙasar da tsinken sakace a hankali, ka dangwala da ƙyalle har ya bushe sarai, ba gogawa.

Wanda ya fito da koren gari mai laushi a jikinsa, ware shi daga sauran nan take, domin tsatsar tana ci gaba kuma danshi ke ciyar da ita. Kowane ɗaya a ba shi gidansa, ko ƙaramar ambulan ta takarda ko ƙaramin kwalin ajiye sulalla mai taga, a rubuta iri da shekara da alama da inda aka samo. Guji leda mai laushi mai warin roba, da zafin Kano takan yi gumi ta bar kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Zuba su a akwati mai murfi tare da ƙunshi biyu ko uku na ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka ɗora a sama, nesa da bango da ƙasa. A watan Yuli da Agusta buɗe akwatin duk mako biyu ka duba, ka canza ƙunshin idan ya jiƙe.